Jikin Aro

Na kwanta ina da shekara saba'in da takwas,
ƙoda ta gaji, ido ya dushe.
Na farka a hawa na uku na asibitin hanyar Dukku
da haƙora talatin da biyu
da wata yunwa da na manta akwai irinta.

Likita ta ce, "Alhaji Bappayo, an juye ka lafiya."
Juyewa, in ji ta,
kamar man gyaɗa daga tsohon galan zuwa sabo.
Ban tambayi inda aka zuba na cikin sabon ba.
Na sa hannu a takarda.
A'a. Hannunsa na sa.

Gidado sunansa, ɗan dako a Tudun Hatsi.
Haya ce ta shekara goma.
Shi yana ajiye cikin wata na'ura mai sanyi,
ba barci ba, ba farke ba.
Kuɗin ya fanso gonarsu ta Kwami,
ya rufa wa ƙannensa ɗaki da kwano.
Lauyana ya ce da yardarsa aka yi.
Wanda ruwa ya ci,
ko takobi ka miƙa masa zai kama.

Jiki ya fi kunne ji.
Kafaɗar hagu ta karkace
da buhunan masarar da ban taɓa ɗauka ba.
Ga tabon lauje a babban yatsa.
Ni da ba na cin yaji, harshen nan sai ya nema.
Ranar Talata na fita sayen turare,
ƙafafun suka bi da ni Jekadafari,
lungu bayan lungu,
suka tsaya a ƙofar wani gida mai langa-langa.

Wata tsohuwa na tsince wake.
Ta ɗago, ta dubi fuskar da ta haifa,
ta dubi baƙon da ke leƙowa ta cikin idon.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, "Bawan Allah, sanyi na kama masa ƙirji.
Kar ka bar shi ya kwana da fanka."

Tun ranar barcina ya zama rabi.

Tsohon jikina na can cikin ƙanƙara,
ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba.
'Ya'yana sun rasa abin yi:
su raba gado, ko su durƙusa wa sa'an autansu?
Hajiya Dudu, shekara arba'in da ɗaya muna tare,
in na yi sallama sai ta jawo mayafi.

Bayan isha'i na sami Malam Hammadikko.
Na ce, alwalar wa nake yi?
In na yi azumi, cikin wa ya ƙone,
a littafin wa aka rubuta?
Ranar da za a rufe bakuna
hannuwa su yi magana, ƙafafu su ba da shaida,
waɗannan hannuwan, a kan wa za su faɗa?

Ya daɗe yana jan carbi.
Ya ce, "Karatuna bai kawo nan ba.
Abin da na sani hukuncin amana ne,
da na wanda ya sayi hatsi a hannun mai jin yunwa."

Saura shekara tara da wata huɗu.
Ya shiga yana ɗan ashirin da biyar,
zai fito ya tarar gwiwa ta fara ƙara,
yarinyar da yake wa zance a Bolari tana da 'ya'ya uku,
tsohuwar nan, wa ya sani.
Wannan ba ya cikin takardar.
Na duba sau biyu.

Daren jiya na kashe fanka,
na shafa masa man zafi a ƙirji,
na lulluɓe shi kamar yadda ta ce.
Na kwanta ina jin zuciyarsa
tana aikinta ba ta tambayi na wa ba.

Ina son rai. Ba zan yi ƙarya ba, ina so.
Amma da asuba na tsinci takalma a ƙafa,
fuska ta juya hanyar Dukku,
kuma ban san cikinmu
wa ya fara tashi ba.